Murhu Biyar, Suna Ɗaya

Ku samarin da kuke zuwa rumfata ta bakin meri, ofishin magajin gari, da waya a hannu kuna cewa awon gida aikin minti biyar ne, ku samu wuri ku zauna. Na ga yadda kuke yi. Mutum ya tsaya a kusurwa ya danna, ya taka zuwa wata kusurwar ya sake dannawa, wayar ta tofo masa lamba, shi ke nan wai ya zama mai awo. Ko gaisawa da mutanen gidan bai yi ba. Ni Mamman, da mutanen Ƙonni suke kira Mai Metir, na haura shekara talatin ina jan awo daga nan zuwa Malbaza da Illela, ina yi wa gidaje da filaye kuɗi, kuma ina gaya muku tsawo da faɗi su ne mafi arha a cikin sana'ar nan. Jaki ma in ka ɗaura masa metir a wuya zai auno maka katanga.

Aikina na farko a Bazaga na yi shi. Maigidana, Baba Garba, wanda ya yi wa gwamnati aikin awo har ya ajiye, shi ya aike ni in auno wani gida da za a sayar. Na hau amalanken jaki na je, na wuni ina ja ina rubutawa. Na auna zaure, na auna ɗakuna, na auna rumbuna, har turken awaki ban bari ba. Na dawo da shafi biyu cike da lambobi, ina tafiya ina jin ni ma wani ne. Baba Garba ya duba sama-sama, ya rufe littafin, ya dube ni.

"Murhu nawa kag gani?"

Na ce, "Baba, ai gida anka ce in auno, ba murhu ba."

"Gobe ka koma ka ƙirgo. Da ƙahwa za ka tahi, ban da kuɗɗin amalanke na biyu."

Na tafi da ƙafa, na dawo da ƙafa, na ce masa uku ne. Ya ce, "To gidan na mutum ukku na. Wanda yaz zo saisuwa guda na. Ina biyun?" Aka bincika, ashe ƙannen mutumin biyu suna ci-rani a kudu, matansu ne ke hura wutar, ba su ma san ana cinikin gidan ubansu ba. Cinikin ya mutu a nan. Ni kuma na yi kwana uku ina ɗingishi.

Wannan ba a koya muku shi a lakwal, makarantarku ta boko. Matan mutum ɗaya, ko su nawa ne, tukunyarsu ɗaya ce, girki suke karɓa-karɓa. In ka ga murhu na biyu da sabuwar toka, to akwai wani dabam da yake ci da kansa a gidan, kuma galibi ba haya yake yi ba. Takarda ba za ta gaya maka haka ba. Lokacin da aka zo yi wa gidajen gari takardu, buro, wato ofishin hukuma, ya ce suna ɗaya ake so a kan kowace. To a ƙasar nan wane ƙane ne zai miƙe gaban dattawa ya ce a rubuta sunansa kusa da na wansa? Sai a ce ya raina shi, ko mutuwarsa yake jira. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce a sa sunan Yaya. Haka gidajen gado suka cika garin nan, mutum ashirin a ciki, suna ɗaya a takarda, takardar kuma tana ƙasan akwatin babban wa. Shekara da shekaru ba ta cuci kowa ba, don ba wanda yake da abin yi da ita.

Kayan aikina huɗu ne, har yau ban ƙara ba. Metir mai naɗi na mita talatin, wanda nake sauyawa duk shekara biyu don zafi yana sa shi miƙewa. Sanda mai kan ƙarfe. Littafi mai baƙin bango. Sai hatimi mai sunana, wanda in na buga shi a ƙasan takarda, na shaida wa duniya abin da ke sama gaskiya ne. Sandar ce kuka fi yi wa dariya. Wata rana a Malbaza wani mahauci ya kai ni gidansa, sumul da shafen siminti, ya sha fenti shuɗi, yana rantsuwa bulo ne tun daga tushe. A garin da motocin siminti suke wucewa ta ƙofar kowa, shafe ba wani abin wuya ba ne. Na ƙwanƙwasa bangon gaba, ya amsa da ƙara. Na zaga bayan makewayi na ƙwanƙwasa, ya yi gum. Na sa kan sandar na ɗan tura, sai ga jar laka tana zubo masa a kan takalmi. Bai sake rantsuwa ba, cewa ya yi in zo mu ci tsire.

Da can masu kirana iri biyu ne, masu rabon gado da masu saye. Dukansu gaskiya suke so su ji, ko da za su zage ka bayan sun ji ta. Sai iri na uku suka sauka garin, masu gidajen lamuni. Wanda na fi yi wa aiki ya buɗe buro kusa da tasha, da gilashi, da na'urar sanyi, da allo a ƙofa mai cewa ka kawo takardar gida ka karɓi jari cikin kwana uku. Shugaban wurin wani Mushe Lawali ne, Mushen Faransawa mai nufin Malam, mutum mai ƙamshin turare da laushin hannu, wanda yake kiran kowa Alhaji ko da mutum bai taɓa wuce Malbaza ba.

Sai da na yi musu gida uku na gane irin kasuwancin da suke yi. Mai ba da bashi na gaskiya yana tambayar me kake sayarwa, nawa kake samu, da me za ka biya. Ban taɓa jin Mushe Lawali ya yi wa kowa wannan tambayar ba. Tambayarsa ɗaya ce, ni kuma yake yi wa ita: "Malam Mamman, mita nawa daga kwalta?" In gida yana lungu, sai a ce wa mai shi dosiyensa, wato kundin takardunsa, bai cika ba, ya dawo wani wata. In yana bakin titi kuwa, ko mai shi ba ya da sana'ar da ta wuce zaman majalisa, nan take za a kawo masa shayi. Gidan suke so, bashin hanya ce kawai ta zuwa ƙofarsa.

Lissafinsu sai wanda ya gani. A takarda an ba ka miliyan biyu. Kafin ka taɓa su an cire kuɗin dosiye, an cire kuɗin asirans, wato inshora, an cire ladan awo ninki uku na abin da suke ba ni, an cire biyan watan farko. Ka makara kwana ɗaya tara ta hau, tarar ma ta haifi tata. Duk wannan yana cikin shafi goma sha biyu na Faransanci da ƙananan baƙaƙe, a miƙa wa mutumin da yatsa yake dangwalawa a wurin sa hannu. In ya ce a karanta masa, sai Mushe Lawali ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Alhaji, tsakaninmu hal sai an karanta?" An ce akwai doka da ta ƙayyade ruwan da za a ɗora wa bashi. Akwai ta. Na gan ta da idona manne a bangon buron, bayan firij. Ruwansu bai taɓa haura ta ba, sauran kuɗin duk an raɗa musu wasu sunaye.

Masu sa musu ido daga Yamai suke zuwa, sau ɗaya a shekara in an yi sa'a, kuma sai sun aiko da saƙo sati biyu kafin su taso, kada su zo su tarar da bayin Allah ba shiri. Na sha ganinsu. Su sauka da jakunkuna, a shigar da su ɗakin sanyi, su buɗe dosiye suna duba ko hoton mai bashi yana nan, ko hatimi ya fito sosai, ko kwalbar kashe gobara tana aiki. Ban taɓa ganin ɗayansu ya taka zuwa ƙofar gida ko ɗaya daga cikin waɗanda ke dosiyen ba, alhali wasu tafiyar minti goma ce da ƙafa. Azahar a kawo gasasshen rago. La'asar a ɗora musu buhunan albasa a bayan mota su kama hanya. Mu da muke kallo daga rumfa mukan ce bana ma albasa ta ci jarrabawa.

Gidan marigayi Alhaji Bawa mita huɗu ne daga kwalta. Babban ɗansa, Alhaji Ɗanjuma, mai safarar atamfa tsakanin nan da Sakkwato, shi ya kai musu takardar don ya ƙara jari, aka turo ni in auna. Gida ne babba, tsohon gini mai kyau, sandata ba ta sami abin faɗa ba. Na gama da waje na yi sallama na shiga tsakar gida, na ƙirga kamar yadda na saba. Murhu biyar. Na Ɗanjuma, na ƙanensa Amadu direban motar siminti, na wasu ƙannen biyu, sai na biyar can ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ƙarami, duwatsunsa sun yi baƙi sun yi santsi. Na Gwaggo Kulu ne, ƙanwar marigayin. A gidan aka haife ta, a nan ta dawo bayan mijinta ya rasu, kuma tana da rabonta a ciki tun daga ubanta. Tana zaune tana tsince wake ta ga ina jan metir ta gaban ɗakinta.

"Sannu da aiki, ɗana. Mi aka aunawa ga gidan ga?"

Kafin in buɗe baki Ɗanjuma ya riga ni. "Aikin meri na, Gwaggo. Lamba za su sa muna ga ƙohwa."

"To madalla. Allah shi yi albarka." Ta tashi ta damo mini fura a ƙwarya. Na sha, na yi godiya, na ci gaba da jan metir ɗina.

Da muka fito zaure na tsayar da shi. Na ce, "Alhaji, murhu biyar nag gani. Sun sani?"

Ya ce, "Malam Mamman, jingina ta, ba saisuwa ba. Wata shidda in maido takardata in aje inda naɗ ɗauko ta. Don mi za ni tada hankalin tsohuwa?"

Ba ɓarawo ba ne Ɗanjuma, kada ku ɗauka haka. Ya tashi yana ganin in an jinginar da gona a ƙauye, ranar da aka samu a je a fanso, ko da jika ne ya samu. Da wannan tunanin ya shiga ɗakin sanyi ya dangwala yatsa.

Na rubuta rahotona, a ƙasa na ƙara layi biyu, cewa gidan gado ne ba a raba ba, murhu biyar, masu haƙƙi aƙalla biyar. Mushe Lawali ya karanta, ya yi dariya har da jingina da kujera.

"Malam Mamman, mine na wanga? Murhu? Mu nan lamuni muka badawa, ba gidan tuwo muka buɗe ba. Dubi takardarmu. Ga wurin tsawo, ga wurin hwaɗi, ga wurin kuɗɗi. Ina wurin murhu?"

Na ce, "Gidan ba na mutum guda ba na."

"Suna nawa ag ga takardar meri?"

"Guda."

"To shi ke nan. Sake muna shi tsab. Akwai gida goma sha biyu can Illela da ka jiranka sati mai zuwa."

Na koma rumfa na sake shi tsaf. Na cire layi biyun, na hura wa hatimina iska na buga. Ba wanda ya tsare ni da bindiga. Na ce wa kaina ai na faɗa musu da baki, na fita haƙƙi. Gaskiyar ita ce gida goma sha biyu na hango, ga shi Baba Garba ya riga ya rasu, ba mai cewa in koma da ƙafa. Har yau in na tuna ranar kunya nake ji.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce ta tona mu duka. Wanda bai ga Ƙonni a lokacin ba ba zai gane ba. Tasha ta yi tsit, masu canjin naira suna zaune suna korar ƙuda, kaya suna can tsallake, masu su suna nan. Kayan Ɗanjuma suka maƙale. Ya biya wata huɗu, ya sayar da motarsa ya biya na biyar, daga nan ya tsaya. Tara ta hau tara har bashin ya ninka. Ya ci gaba da fita da safe da babbar riga yana dawowa da yamma, bai gaya wa kowa ba. Mutanen gidan ba su san komai ba sai ranar da usiye, wato mai zartar da hukuncin kotu, ya zo ya manna takarda a ƙofar zaure.

Amadu ya same ni a rumfa, rigarsa ta yi fari fat da ƙurar siminti. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce, "Malam Mamman, an ce kai ka auna gidanmu. Ba ka gan mu ciki ba?" Na ɗauko baƙin littafina na buɗe masa shafin. Murhu biyar, da hannuna, da sunan kowa. Ya ce in zo in faɗi haka a gaban alƙali. Na ce zan zo.

Na je kuwa. Alƙalin mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ajiye littafina a dama, rahoton gidan lamuni a hagu.

"Wanga rubutun hannunka na?"

"Nawa na, ranka shi daɗe."

"Wanga hatimi hwa?"

"Shi ma nawa na."

"To wane za ni ɗauka, wanda kas sa ma hatimi ko wanda ba ka sa ma ba?"

Lauyan gidan lamuni ko tashi bai yi ba. Amadu bai haƙura ba, ya biya aka rubuta wa masu sa ido na Yamai wasiƙa. Amsa ta zo bayan wata uku, layi huɗu. Wai sun duba dosiyen a zuwansu na bara, ba abin da ya ɓace a ciki, hoto yana nan, sa hannu yana nan, hatimin mai awo ya fito sosai. Aka yi gwanjon gidan, mai tayi mutum ɗaya ne, ƙanen matar Mushe Lawali.

Ranar tashin mutanen gidan usiye ya aiko in zo, don a gwada gidan da takarda kafin a miƙa makulli. Na tarar da amalanke biyar a ƙofa, ana fito da katifu da tukwane. Jandarma biyu suna tsaye gindin bishiya suna kallon ƙasa. Ɗanjuma ba ya nan, kunya ta kore shi Sakkwato tun kafin gwanjo. Gwaggo Kulu tana zaune a ƙofar ɗakinta, an riga an kwashe kayan, za a kai ta Bazaga wurin ƴarta. Ta ga metir a hannuna.

"Mai Metir, aikin meri na kuma?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa gaisuwar cikakkiya, har ta tambayi iyalina.

Da aka ce ta hau amalanke, sai ta nufi gindin darbejiya ta sunkuya ta fara girgiza duwatsun murhunta. Wakilin mai sayen gidan, wani mai baƙin tabarau, ya ce a'a, duk abin da yake kafe a gida na gida ne, haka takardar gwanjo ta ce. Gwaggo ba ta ko dube shi ba. Ta ce na uwarta ne, a kansu aka dafa abincin sunanta. Mutumin ya nace, wai in an bari yau dutse, gobe ƙyaure za a cire. Usiye mutumin takarda ne, ba ya motsi sai da ita. Ya buɗe dosiye ya yi ta juya shafi, sannan ya waiwayo.

"Malam Mamman, akwai murhu cikin rahotonka?"

Amadu yana kallona. Na ce, "Babu. Gidan ga ba shi da murhu ko guda. Ni nar rubuta."

Usiye ya rufe dosiyen. "To abin da babu ga takarda ba a sai da shi ba. Inna, ɗauki abinki."

Amadu ya ɗauki ɗaya, matarsa ta ɗauki ɗaya. Gwaggo ta miƙe tana dafe da ƙugu, ta dube ni.

"Ɗauko mini na ukkun, ɗana, tunda kai ka iya ƙirgarsu."

Na ajiye metir a ƙasa na sa hannu biyu na ɗauka. Dutsen da ɗuminsa, don da safen nan ta dama wa jikoki kunu a kansa. Na kai shi har amalanke, na sa mata shi kusa da ƙafa.

Wurin yanzu shaguna takwas ne, can ma wasunku suke sayen waya. Gidan lamunin ya rufe bayan shekara biyu da kuɗin ajiyar mutane a ciki, ya sake fenti da suna ya buɗe a Illela. Mushe Lawali yana can yana kiran kowa Alhaji, albasa kuma tana ci gaba da cin jarrabawa. Ni kuwa tun daga ranar ba na buga hatimi sai na tara mai kowane murhu a zaure, na faɗa musu da Hausa abin da ake shirin yi da gidansu, kowa ya dangwala yatsa a baƙin littafina. Aikin da nake yi a wuni ɗaya ya koma sati. Masu lamuni suka daina kirana, suka ce tsoho ya cika tsawaita zance. Ku suke kira yanzu, don ku ba ku shiga tsakar gida.

Shekaranjiya ɗayanku ya zo nan yana washe baki, an ba shi gida tara a Illela, ya riga ya gama na farko kafin azahar. Na tambaye shi murhu nawa ya gani. Ya duba wayarsa, ya shafa sama ya shafa ƙasa, ya ɗago ya ce mini babu wurin murhu a ciki. Na ce masa na sani, ya koma ya ƙirgo. Ya yi dariya, ya buga babur ɗinsa, ya tafi gida na biyu.